Yadda Ake Ɗora Maɓallin Dannawa Ba Tare da Yadi Ya Yage Ba

Ana saura kwana biyu suna, wata Hajiya daga unguwar Maamobi a nan Accra ta dawo mini da rigunan jariri guda shida da muka ɗinka wa jikanta. Ko zama ba ta yi ba. Ta kwance bakin leda, ta shimfiɗa su ɗaya bayan ɗaya a kan teburin yanka. Uku daga ciki maɓallin ya fito da naman yadin, ya bar huji kamar ɓera ya kwana a kai. Ta ce, "Malam tela, ɓallewa kawai na yi in gani. Ko sa wa yaron ba a yi ba."

Na dubi yaron shagona. Ya ce, "Masta, wallahi na buga su da kyau." Bai kuwa yi ƙarya ba, bugu ya bugu. Gwangwanin da nake ajiye maɓallan jakar fata ya buɗe, ya ɗora su a kan auduga mai laushi falle biyu, babu abin da ya tokare ta daga ciki. Da Hajiya ta ja, maɓallin ya ƙi saki, yadin ya saki. Laifin nawa ne, don na koya masa riƙon guduma amma ban koya masa abin da ke cikin maɓallin ba. Mun kwana muna sake rigunan.

Maɓallin da nake nufi shi ne wanda ake dannawa ya ce ƙas, a ja ya buɗe. In ka shiga Zongo Lane ko layin masu kayan ɗinki a kasuwar Makola, fires-botin za ka ji ana ce masa. Duk aikinsa a kan abu ɗaya ya rataya: kowane maɓalli yana da ƙarfin riƙonsa, kowane yadi yana da iyakar abin da zai jure, kuma dole yadin ya fi maɓallin ƙarfi. Sauran bayanin duk hanyoyi ne na cim ma wannan.

Abin da ke cikinsa

Ɗauko guda ɗaya na ƙarfe, irin na jaka ko jaket, wanda ba a ɗora ba tukuna. Za ka ga ba abu biyu ba ne kamar yadda yake bayyana a jikin riga, huɗu ne.

Akwai hula, wato faifan nan mai santsi da ido ke gani daga waje. Juya ta, za ka ga ɗan bututu a tsakiyar cikinta. Akwai mace, mai rami, ita ce ke haɗuwa da hular, yadi na tsakaninsu. Wannan ɓangaren sama ke nan. A ɓangaren ƙasa akwai namiji, mai ɗan kai a tsaye, da kuma ƙafa, wani faifai shimfiɗaɗɗe mai bututu, wadda ke hudo yadi daga baya ta riƙe namijin. Hula da mace a falle na sama, namiji da ƙafa a falle na ƙasa. Yaran shago na kan sa su maimaita wannan har ya zauna musu, don rabin ɓarnar da ake yi daga juya waɗannan ne.

Yanzu ka kai namijin kusa da idonka. Kansa ya fi wuyansa faɗi, kamar kan albasa. Ka leƙa cikin macen kuma, akwai 'yar waya a ciki, ita ce sifirin. Ƙofar da wayar ta bari ta fi kan namijin ƙanƙanta da ɗan kaɗan. In ka danna, kan yana ture wayar ta buɗe, da ya wuce wurin da ya fi faɗi sai ta koma ta shaƙe wuyan. Komawar tata ce ƙarar da kake ji. In ka ja, abin ya maimaitu ta baya. Ba gam, ba kulle, 'yar waya ce kawai mai son komawa yadda take.

Wayar nan iri biyu ce, kuma a nan yarona ya faɗi. Wata za ka ga sanduna biyu siririya a jere, ɗaya a kowane gefen ramin, an lanƙwasa su cikin macen kamar harafin S. Wannan riƙonta da sauƙi, ta dace da riga, ɗan jaket mara nauyi da walat. Ɗayar zobe ce guda, an yanke ta a wuri ɗaya, tana kwance cikin kwarin da ke bakin macen, in ka girgiza har za ka ji tana motsi. Wannan in ta kama ta kama. Ta fata ce, da tamfol, da jakar makaranta, da murfin kujerar mota. Da ido ake rarrabe su, ba a bukatar tambayar mai shago.

Mai sanduna biyun tana da tarihi. Wani Bajamushe, Heribert Bauer, shi ya fara yin rajistar maɓallin dannawa a 1885. A 1886 Albert-Pierre Raymond na garin Grenoble a Faransa ya fito da nasa domin safar hannu ta fata, wadda garin ya shahara da ita. A 1903 Hans Prym ya gyara shi ya sa masa wayar nan mai lanƙwasa biyu. Kamfanin Prym na garin Stolberg a Jamus yana nan har yau, kuma in ka duba tsofaffin jaket a kasuwar gwanjo ta Kantamanto a nan Accra za ka riƙa cin karo da sunansa ko na YKK a bayan maɓalli. Ni a Kantamanto na yi makarantata. Na kan sayi jaket ɗin gwanjo da ya mutu, in zauna da filaya in fasa maɓallansa in ga yadda aka naɗe su a masana'anta.

Ban da wannan mai bututu, akwai wasu uku da za ka haɗu da su kullum. Mai haƙora: maimakon bututu, zobe ne mai tsini biyar da ke ratsa yadi su lanƙwashe cikin leɓen macen ko namijin. Shi ne a kan kayan jarirai na kanti, domin ba ya bukatar huji. Na roba: hula biyu masu tsini, da mace da namiji, ana matse tsinin da filaya ta musamman ya baje kamar kan ƙusa. Babu waya a cikinsa, robar ce da kanta ke buɗewa ta koma. Na kamfanin KAM ne suka fi yawo, girmansu T3, T5 da T8, T5 ne na yau da kullum. Sai na ɗinkawa da allura, gida biyu kawai, mace da namiji masu hujin zare a gefe. Na maganaɗisu da ake sa wa jakar mata wani abu ne daban, ba shi da sifirin, na bar shi.

Saye

Kafin ka hau tirotiro zuwa kasuwa, yanki ƙyallen yadin da za ka yi aiki da shi ka sa a aljihu, haɗe da ɗan maganaɗisu. Ko na tsohuwar lasifika ya isa.

Maganaɗisun na gano tsatsa ne tun ba ta zo ba. Maɓallin tagulla ba ya kama maganaɗisu, kuma ba ya tsatsa. Na baƙin ƙarfe da aka yi wa fenti mai ƙyalli yana manne masa nan take. A shago dukansu sheƙi suke yi. Amma Accra bakin teku ce, iskar da ke tasowa daga wajen Jamestown da Chorkor gishiri ne a cikinta, ga damina, ga wanki da shanya. Na taɓa ɗora irin masu arahar nan a kan farar jallabiya ta Sallah ƙarama. Kafin Babbar Sallah mai ita ya dawo, kowane maɓalli ya zana jan zobe a jikin yadin, wanda babu sabulun da zai fitar. Araha ba ta ado. Ga kayan da za a wanke, tagulla ko roba. Baƙin ƙarfe a bar shi ga abin da ba ya ganin ruwa.

Girman maɓalli da layi ake faɗarsa, layi 40 ne inci ɗaya. Saboda haka mai layi 20 hularsa ta kai kimanin milimita 12 da rabi, mai layi 24 kuma kimanin milimita 15. Na 24 mai zobe shi ne na dukawa da masu tamfol. Ga riga kada ka wuce na 20, sau da yawa ma ƙasa da haka.

Abu na gaba shi ne wanda ke sa mutane asara ba su san dalili ba. Maɓallan kamfani biyu, ko da girmansu ɗaya a baki, ba lalle su shiga juna ba. Macen wannan da namijin wancan ko su ƙi rufuwa, ko su rufu su buɗe da kansu. Sayi gida huɗun daga leda ɗaya, ka ƙirga a gaban mai shago cewa hula, mace, namiji da ƙafa sun zo daidai, ka haɗa mace da namiji guda uku ko huɗu ka ji ƙararsu. Ƙarfen bugawa ma ka saya tare da su a wuri ɗaya, don kowane iri da girma yana da nasa. In ana sayarwa da yawa, dozin 12 ne ƙunshi ɗaya, wato 144. A gida kuma kowane iri da gwangwaninsa, a rubuce.

Shirya yadin

Wannan matakin ne ake tsallakewa, shi ne kuma ke raba aikin tela da aikin ɗan koyo.

Wurin da maɓalli zai zauna ya zama aƙalla falle biyu na yadi, da abin ƙarfafawa a tsakani. Sitif ɗin nan da ake mannawa da dutsen guga ya isa ga atamfa da shadda. Ga yadi mai laushi ko mai miƙewa, irin na singileti, ƙara ɗan ƙyallen auduga mai ƙarfi ko tef na saƙa a ciki, tsawon layin maɓallan gaba ɗaya. Leshi ba ya ɗaukar maɓallin bugawa ko kaɗan, na ɗinkawa za ka sa masa a kan shafi. Batakari kuwa, rigar nan ta arewacin Ghana, duk da kaurinsa, saƙar hannu ce, zarenta yana zamewa, don haka shi ma yana son shafi mai ƙarfi daga baya.

Daga nan ka daidaita yadi da irin maɓalli. Yadi mai miƙewa, mai haƙora ko na roba, domin in ka huda shi hujin zai yi ta faɗi har maɓallin ya zare. Atamfa, shadda da kaki, mai sanduna biyu ko mai haƙora. Jins mai kauri, fata da tamfol, mai zobe.

Yanzu alama. Rufe rigar yadda za ta zauna a jiki, ka kafe ta da fil. Rigar maza hagu ke hawa kan dama, ta mata dama ke hawa kan hagu. Da alli ka ɗiga inda tsakiyar kowane maɓalli zai kasance, ka bar tazara daga bakin yadi wadda ba ta gaza faɗin hular ba. Kada ka fara rabon tazara daga wuya. Fara daga inda rigar ta fi ɗaukar ja, wato ƙirji, ka sa guda ɗaya daidai nan, sannan ka raba sauran sama da ƙasa da tef. Masu ɗinka kaba, rigar matan Ghana, sun san abin da nake nufi. In ƙirji ya faɗa tsakanin maɓalli biyu, rigar za ta yi baki a wurin duk ranar da aka sa ta.

Ka cusa fil ta kowace alama ya ratsa falle na sama da na ƙasa, ka ɗaga a hankali ka ɗiga alli inda ya fito. Haka mace da namiji za su fuskanci juna. In suka kauce ko da milimita biyu ne, yadin zai tattare tsakanin maɓallan.

Gwaji kafin aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ninka ƙyallen yadin daidai kaurin wurin da za ka yi aiki, da sitif ɗinsa da komai, ka ɗora maɓalli ɗaya cikakke a kai. Abu biyu kake nema.

Na farko tsawon bututu. Ka zura bututun hular ta cikin hujin, ka ɗora macen a kai ka danne da yatsa. Abin da ya leƙo cikin ramin macen ya zama kamar milimita 2 zuwa 3, don shi ne zai naɗe ya riƙe. In ya yi tsawo, da ka buga zai karkace gefe, maɓallin ya zauna a gicciye, ko kuma ya tsaya cikin ramin ya hana namijin shiga. Maganinsa ka yanko ɗan faifan fata ko ƙyalle ka ƙara a tsakani, ko ka rage bututun da magagari. In ya yi gajere, ba zai sami abin naɗewa ba, ranar farko hular za ta faɗi. A fata ana fere bayan wurin da wuƙa a rage kauri. A yadi sai dai ka nemo mai dogon bututu.

Na biyu ƙarfin riƙo. Rufe, ka kama yadin ka ja kamar yadda mai gaggawa zai ja, ba kamar yadda tela ke lallaɓa aikinsa ba. Yi haka sau goma. In ka ga zaren da ke kewaye da maɓallin ya fara buɗewa, ko dai ka ƙara shafi ko ka koma maɓalli mai sauƙin riƙo. Da yarona ya yi wannan gwajin da Hajiya ba ta dawo ba.

Bugawa

Kayan aiki: guduma, mahuji ko basilla, ƙarfen bugawa, da 'yar maƙerar da ke zuwa tare da shi, faifan ƙarfe mai gefe ɗaya a lotse ɗaya a shimfiɗe. Kada ka yi aikin a kan teburin yanka. Katako mai lilo yana shanye bugu, sai ka yi ta dukan abu bai zauna ba. Sauka ƙasa kan siminti, ko ka sami guntun kututture.

Huji tukuna. A fata da tamfol mahuji za ka sa, wanda bakinsa daidai da kaurin bututun, ka sa katako a ƙasa don kada bakin ya dakushe. A yadin saƙa na fi son basilla, domin ita ture zare take yi gefe, mahuji kuwa yanke shi yake yi, kuma yankakken zare shi ne farkon yagewa. Hujin ya zama matsattse, sai ka ɗan tura kafin bututun ya shiga. Kada ka taɓa yin sa da bakin almakashi.

Fara da ɓangaren sama. Ɗora maƙerar, gefen lotsattse yana sama. Kifa hular a cikin lotsin, fuskarta ƙasa, bututunta sama. Lotsin ne ke hana ta baje ko ta ƙuje, in kuwa hular mai fenti ce ka shimfiɗa ɗan ƙyalle a ƙarƙashinta. Sako yadin a kan bututun, fuskar yadin tana kallon ƙasa wajen hular. Tsaya nan ka sake dubawa, don wannan ne wurin da ake juyawa. Ɗora macen a kai, raminta yana kallonka. Sa bakin ƙarfen bugawa cikin bututun, ka tsayar da shi cak, ba jingine ba.

Bugu na farko ya zama mai sauƙi, na buɗe bakin bututun ne kawai. Ɗaga ƙarfen ka leƙa. In bakin ya fara buɗewa daidai ta ko'ina kamar fure, ci gaba da bugu uku ko huɗu matsakaita. In ya karkata gefe ɗaya, ka ɗan jingina ƙarfen zuwa ɗaya gefen a bugu na gaba ka daidaita. Mai dukan maɓalli sau ɗaya da dukan ƙarfinsa yana fasa bututun, ko ya murƙushe kwarin da sifirin ke ciki, wayar ta kasa motsi. Daga waje za ka ga aiki lafiya lau, amma ba zai rufu ba.

Ka san ya zauna in ka kama hular da macen da yatsu ka murɗa suka ƙi juyawa, kuma farcenka bai shiga tsakaninsu da yadin ba. In suna juyawa, ƙara bugu ɗaya. In yadin ya fara tattarewa kewaye da su, ka wuce, tsaya.

Ɓangaren ƙasa hanya ɗaya ce da bambanci biyu. Juya maƙerar zuwa gefen shimfiɗaɗɗe, don ƙafar ba ta da tudu. Sannan wannan karon fuskar yadin sama take kallo: ƙafa a ƙasa, yadi, namiji a kai. A irin mai sanduna biyu, ƙafar cikin kan namijin take shiga ta kumbura a can, don haka ƙarfen bugunsa mai rami ne a baki, wanda ke rufe kan ba tare da ya taɓa shi ba. In ka buga da ƙarfen da ba nasa ba ka baje kan, shi ke nan.

Ni na kan gama ɓangaren sama duka, in sake rufe rigar in tabbatar alamun ƙasa suna nan daidai, sannan in huda ƙasa. Yadi yana ɗan motsawa wajen bugu.

Wanda ke yin kayan makaranta ko jakunkuna da yawa ya nemi injin hannu mai dannawa. Matakan ba su sauya ba, sai dai kowane girma da irin maɓalli yana da bakinsa na sama da na ƙasa da ake ɗaurawa, kuma kowane dannawa daidai yake da na baya, abin da hannu da guduma ba sa iyawa bayan maɓalli na hamsin.

Mai haƙora ba a yi masa huji. Ɗora zoben a ƙasa tsininsa sama, ka shimfiɗa yadin, ka danna kewaye da bayan fensir mai roba har tsini biyar ɗin duk su fito. Ƙirga su. Ɗora macen ko namijin yadda kowane tsini zai faɗa cikin leɓen da ke bayanta, sannan ka matse da filayarsa ko ka buga a hankali. Macen mai haƙora tana da rikici, fuskokinta biyu sun yi kama, saboda haka gwada ta da namiji tukuna ka san wace fuska ce ke karɓa. Bayan ka gama shafa yatsa kewaye. Tsini ɗaya da ya kauce ya fito waje zai karce fatar jariri. In ka ji shi, cire maɓallin gaba ɗaya ka sa sabo, kada ka lanƙwasa shi ka bari.

Na roba shi ne mafi sauƙi. Huda da basilla, zura tsinin hula, ɗora mace ko namiji, zaunar da hular cikin kofin filayar sosai, ka matse har tsinin ya baje. In tsinin ya yi wa yadin tsawo, bajewar za ta yi tudu ta hana rufuwa, sai ka datse kansa kaɗan kafin matsewa. Ka gaya wa mai kaya kada dutsen guga ya hau kai.

Na ɗinkawa kuma ƙa'idarsa ta saɓa wa ta mai gida huɗu: namiji ne ke zama a bayan falle na sama, don bayansa a shimfiɗe yake ba ya tudu ta waje, mace a falle na ƙasa. Fara da namijin. Zare biyu, ɗinki huɗu ko biyar a kowane huji, allura tana ɗaukar shafi kawai ba ta fita fuskar riga, ka bi ta ƙarƙashin maɓallin zuwa huji na gaba. Sai ka goga alli a kan namijin, ka rufe rigar ka danna, inda allin ya sauka nan ne gidan macen. Wannan ba ya ɗaukar ja. Na kwantar da bakin wuya ne ko kan zif, ba na riƙe ƙugu ba.

Kayan yara ƙanana na da ƙarin sharaɗi. Kowane maɓalli ka kama shi da filaya ka ja da gaske kafin kaya su bar shago, don abin da ya cire a hannun jariri baki zai tafi. Kuma farin fentin nikel da ke kan yawancin maɓallan ƙarfe yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje inda ya taɓa fata, musamman da gumi irin namu. Tarayyar Turai ta kafa doka a kan haka tun 1994. In mai kaya ya ce ƙarfe na cin jikinsa, sa masa na roba, ko ka rufe bayan ƙafar da ƙyalle.

In ya ba da matsala

Wanda ya yi tauri, goga ɗan kyandir a kan namijin, ka rufe ka buɗe sau da yawa. Kada ka sa man keke ko man kaɗanya, za su bi yadin su yi tabo. Wanda ya saki yana buɗewa da kansa, yawanci wayar macen ce ta gaji. A mai sanduna biyu wani lokaci ana tura sandunan ciki da bakin basilla su ɗan matso. A mai zobe ana ɗora namijin kan maƙera a ɗan taɓa kansa da guduma sau ɗaya, ya ƙara faɗi kaɗan. Dabarun kwana biyu ne, gyaran gaske shi ne sauya macen da hularta.

Wajen cirewa, kada ka sa sukundireba tsakanin maɓalli da yadi ka banƙare, hujin za ka faɗaɗa. Ta cikin ramin macen za ka bi, inda bututun ya naɗe. Ka tattaro naɗin da bakin filaya mai tsini, ko ka cinye shi da abin huji na lantarki wanda bakinsa ya ɗan fi bututun kauri, kana riƙe da hular da filaya don kada ta juya ta ƙona yadin. Da naɗin ya tafi gida biyun za su rabu da kansu. Na roba ana datse bajajjen tsinin ne. Mai haƙora kaɗai ake ɗagawa da siririn ƙarfe, kaɗan-kaɗan kewaye da zoben.

Kafin ka sa sabo a tsohon wuri, duba hujin. In ya buɗe, manna sitif ta baya, ka sa ƙyalle a tsakani, ka bi kansa da keke sau biyu ko uku, sannan ka sake hudawa da basilla. In an miƙa wa mai kaya, ka nuna masa yadda ake buɗewa: babban yatsa a gindin maɓallin ta ƙasa, a ɗaga hular daga gefe ɗaya, maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ba a kama bakin riga a fizge daga sama har ƙasa ba.